Ƙaramin Gari Kusa da Birni

In an tambaye ku inda mutane ke zama, galibinku za ku ce ko birni ko ƙauye. Amma akwai wuri na uku a tsakaninsu, shi ne ƙaramin gari. Ya fi ƙauye girma, gama akwai hakimi a cikinsa, da alƙali, da asibiti, da makarantu, da kasuwa mai ci mako mako. Amma bai kai birni ba, don in yaro ya tashi da ƙafa daga wannan gefe, kafin ya gaji ya ɓulla wancan gefe ya tarad da gonaki. Irin waɗannan garuruwa suna da yawa kewaye da birnin Kano, kamar su Kura, da Bici, da Gezawa, da Dambatta, da Wudil. Bari mu ɗauki Wudil mu dube ta da kyau, mu ga abin da ke riƙe da ita.

Wudil tana gabas maso kudu da Kano, tsakaninsu kamar mil 25, watau kilomita 40. A bakin kogi ta ke. Kogin Kano da Kogin Calawa su ne suka haɗu suka zama ruwa ɗaya, ya bi ta Wudil, ya wuce Haɗeja, ya miƙa gabas wajen Tabkin Cadi. A dā ruwan kogin nan na damina ne. In rani ya yi sai ya janye, ya bar rairayi. Amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, a kan tare ruwan damina a can, a riƙa sako shi kaɗan kaɗan, saboda haka yanzu ko da bazara za ku ga ruwa yana gudu. A kan kogin akwai gada, ta nan ne motocin da za su Dutse, da Bauci, da Azare, da Fataskum, har Maiduguri su ke ƙetarewa. To, ku riƙe abu biyun nan, kogi da hanya, don kusan duk abin da za mu faɗa nan gaba a kansu ya rataya.

Mutanen garin da yawansu manoma ne. Da damina su shuka gero da dawa da wake da gyaɗa, da rani kuwa su gangara fadama su yi lambu. Akwai masunta, akwai kuma masu ɗiban yashi a cikin kogi, su tara shi a gaɓa, manyan motoci su zo su kwasa su kai birni inda a ke gine-gine. Wanda ke zaune a irin garin nan yana da abubuwan da mutumin birni ke marmari. Gida da fili, akwai wurin ɗaure akuya da wurin kafa rumbu. Kowa ya san kowa. In yaro ya ɓata, ba ya yin nisa sai wani ya ce, ai ɗan gidan wane ne, ya kama hannunsa ya kai shi. Amma fa kada ku ce ba shi da wahala. In ciwo ya yi tsanani, sau da yawa sai an ɗauki mara lafiya zuwa babban asibiti a birni. Kuma saurayin da ya gama makaranta ba lalle ne ya sami aikin da ya koya a garinsu ba.

Wannan shi ya kawo mu ga mutane kashi na biyu, watau masu kwana a Wudil su wuni a Kano. Zamanin kakanninku wannan ba ya yiwuwa. Mai zuwa birni sai ya yi sammako, ya koro jakinsa, ya wuni yana tafiya, in kayan da nauyi ma sai ya kwana a hanya. Wanda ya sami aiki a birni kuwa dole ya tattara ya koma can. Yanzu kwalta da mota sun taƙaita tafiyar nan. In hanya ba cunkoso, cikin kamar sa'a guda an isa.

Da an idar da sallar asuba sai ku ga tasha ta cika. Ga magini da cokalinsa a cikin buhu, ga malamin makaranta, ga akawu, ga leburan masana'anta, ga yaron kanti da za shi Kantin Kwari ko Sabon Gari. Yaron mota yana ta kiran fasinja, da ta cika sai a tashi. Su bi ta Mariri, inda kasuwar goro ta ke, su shiga gari, kowa ya nufi wurin aikinsa. Da almuru kuma su juyo.

Me ya sa mutum zai ɗora wa kansa wannan zirga-zirga? Dalili na fari shi ne kuɗin haya. Ɗaki a birni da tsada, ga shi ƙanƙane, mai iyali ba ya sakewa a ciki. A garinsu kuwa gidan gado ne, ba mai zuwa ƙarshen wata ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Na biyu, gona. Wanda bai bar gari ba ya kan duba gonarsa ran da ba aiki, ya sa hatsi a rumbu, albashinsa kuwa ya tafi ga sutura da magani da karatun yara. Na uku, iyaye. In tsoho ko tsohuwa suka kwana da ciwo, ɗansu yana kusa.

Amma bari mu yi ɗan lissafi. Zuwa mil 25, dawowa mil 25, mil 50 ke nan kullum. In mutum yana aiki kwana 6 a mako, ya yi tafiyar mil 300 kafin mako ya zagayo. Kowane mil kuwa da kuɗinsa. In man fetur ya yi tsada, kuɗin mota ya hau, sai ka ga abin da ya tsira daga hannun mai gidan haya ya faɗa hannun direba. Ga gajiya, ga hatsarin hanya, ga shi kuma ya fita 'ya'yansa suna barci, ya komo suna gyangyaɗi. Don haka waɗansu su kan raba, su kwana a shago ko a ɗakin ɗan'uwa a birni, sai ƙarshen mako su zo gida. A ganina dai, in kuɗin mota bai cinye rabon tukunya ba, mai zuwa ya dawo ya fi riba, kuma garinsu ma ya fi amfana da shi. Kuɗin da ya samo a birni a gida zai kashe su, wajen mahauci da tela da mai shayi. Garin da samarinsa suka ƙaura duka, sai ya zama na tsofaffi da ƙananan yara, zaure ya rushe ba mai yaɓe.

Kada kuma ku zaci duk tafiyar fuska ɗaya ta ke nufa. A shekarar 2001 aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, wadda daga baya aka sa mata sunan Aliko Ɗangote. Akwai kuma babbar makarantar horad da hafsoshin 'yan sanda. Saboda haka da safe, sa'ad da motoci ke fita da ma'aikata zuwa Kano, waɗansu motocin suna shigowa da malamai da ɗalibai daga Kano. A kan hanya su ke shan bamban.

Saura baƙi. Ran Jumma'a kasuwar Wudil ke ci, wanda ya ga garin ran Laraba kuwa in ya dawo ran nan sai ya yi tsammani wani gari ne dabam. Abin da ta fi suna da shi shi ne kara, watau wurin cinikin shanu. Tun daren Alhamis a ke fara isowa da su, waɗansu a ƙasa, waɗansu a mota. Mai saniya ba ya yin ciniki da bakinsa. Dillali ne ke tsayawa tsakaninsa da mai saye, a taya, a ce albarka, a ƙara, har a sallama, sa'an nan dillali ya karɓi la'adarsa. Shanun da aka saya da yawansu ba a nan za a yanka su ba. A kan loda su cikin manyan motoci a yi kudu da su, har Ikko. Ban da shanu akwai tumaki da awaki, da hatsi, da tukwane, da tabarmi, ga matan Fulani da ƙoren nono, ga masu soya kifi a kusa da gada.

In malaminku ya kai ku ziyara irin wannan gari, ku fara da gaishe da hakimi ko wakilinsa, don baƙo ba ya shiga gari ya yi ta yawo ba a san da shi ba. Wudil tun da daɗewa an san ta da Makaman Kano, ɗaya daga cikin manyan hakiman Sarki. Sa'an nan ku tambayi abin da garin ya shahara da shi, gama kowanne da nasa. Kura, a kan hanyar Zariya, ta yi suna da rini tun zamanin dā, har Buzaye na cikin Sahara sun san baƙin rawaninta mai ƙyalli, yanzu kuwa ruwan Tiga ya mai da ita garin shinkafa. A kara ku tsaya kusa da babba, kada ku bi ta bayan bijimi, kada kuma ku matsa bakin kogi inda aka haƙa yashi, don ramin ba ya nunawa daga sama.

Da la'asar sakaliya kasuwa ta fara watsewa. 'Yan ƙauye su ɗaura kayansu a babur ko a amalanke su kama hanya tun da sauran haske. Fatake kuwa su ƙulle abin da ya rage, don jibi Lahadi kasuwar Dambatta ke ci, can arewa da Kano, kuma sai sun ratsa birni kafin su kai.