Waƙar tubali da bango

A ƙasashen Turawa akwai wani kiɗa da ake kira rok. Ana yin shi da ganguna da gita mai aiki da lantarki. Kamar waƙoƙin makaɗan Hausa, waƙar rok takan zo da habaici. Wanda ya tsinci baiti guda ya tafi da shi, ba zai gane inda mawaƙi ya dosa ba.

A shekarar 1979 wasu makaɗan Ingila masu suna Pink Floyd suka fid da wani faifai. Waƙar da ta fi yin suna cikinsa ita ce "Another Brick in the Wall". Ma'anar sunan da Hausa: wani tubali kuma a jikin bango. Cikin waƙar ana jin muryoyin yara suna kuka da makaranta, suna neman malami ya ƙyale su. Yaran su 23 ne, ƴan wata makaranta ta birnin Landan. Iyaye da malamai da yawa suka husata. Suka ce waƙar tana koya ma yara ƙin karatu.

To, mine ne ainihin nufinta? Sai an san wanda ya tsara ta. Sunansa Roja Watas, an haife shi a 1943. Ubansa malamin makaranta ne, ya shiga soja, aka kashe shi a Italiya a 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu. Roja yana jinjiri, bai san ubansa ba. Da ya shiga makaranta, ya tarar da waɗansu malamai masu ba'a da wulaƙanta yara gaban aji.

Faifan duka labari guda ne, na wani yaro maraya. Duk sa'ad da aka ɓata masa rai, sai ya ƙara ja da baya daga mutane. Wannan shi ne bangon. Kowane ɓacin rai kuwa tubali ne guda. Waƙar kashi uku ce. Kashi na farko, rashin uba. Na biyu, malami mai wulaƙanci. Na uku, yaron ya girma, ya ce ba ya bukatar kowa. Daga nan bango ya rufe shi, ya zauna shi kaɗai cikin baƙin ciki.

Ke nan, ba ilimi waƙar take zagi ba. Tana zargin malamin da ke kashe zuciyar yaro. Kuma ba ta yabi mai gina bangon ba, don a ƙarshen faifan sai da aka rushe shi.

Ƴan makarantar Afirka ta Kudu sun gane haka. A zamanin mulkin wariyar launin fata, makarantun waɗanda ba farare ba su ne koma-baya. A 1980 suka ƙaurace ma azuzuwa, suna rera wannan waƙa. Ba karatu suka ƙi ba, karatu nagari suke nema. Cikin shekarar nan gwamnatin ƙasar ta hana waƙar.

Tambayoyi
1. Mi bango yake nufi cikin waƙar? Tubali fa?
2. Don mi iyaye suka husata?
3. Mi ƴan makarantar Afirka ta Kudu suke nema?