Daga Agege Zuwa Kano a Zango Bakwai

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina zaune a Agege, kuma babu shekarar da ban je gida Kano ba. Amma a da, in ka tambaye ni abin da ke tsakanin Ibadan da Zariya, amsata ba ta wuce gidajen mai da rumfunan masu shayi. Mukan hau doguwar bas da la'asar, a kwana ana gudu, gari ya waye mana a Arewa ƙafafu duk a kumbure. Autata ce ta kunyata ni. Ta ɗauko tsohuwar takardar naira ɗari, ta nuna mini dutsen da ke bayanta, ta ce, "Baba, malaminmu ya ce wannan a hanyar Kano yake. Ka taɓa ganinsa?" Na wuce ta gindin Dutsen Zuma ya fi sau talatin, yawanci ina sharar barci.

A Amurka da Turai akwai motar da ake ƙerawa musamman don yawon iyali. A cikinta akwai gado da kicin da banɗaki da tankin ruwa, ga kuma filaye da aka keɓe inda za ka biya kuɗin kwana ka jona wuta da ruwa. Mu nan irin wannan mota sai a talabijin. To amma dabarar ba baƙuwarmu ba ce. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro da lissafi suke tafiya: madugu ya san zango nawa ne a gabansa, jagaba ya san inda rijiya take da inda 'yan fashi ke tarewa. Mu kanmu goro ne ya kawo magabatanmu Agege, musamman bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma har yau sunan unguwarmu Zango. Don haka da hutun Disamba ya zo, sai na zama madugu, ƙanena ya zama jagaba, tsohuwar Sienna tawa ta zama jakin ayari.

Shirin ya fara ne daga wajen bakanike, mako biyu kafin tafiya. Aka juye baƙin mai, aka duba birki da batir da lagireto, na canja tayoyi biyu da suka suɗe. Na tabbatar lasisi da inshora ba su ƙare ba, ga tukunyar kashe gobara da jak da tayar ko-ta-kwana, don jami'an kiyaye haɗurra ba sa jin "na manta". Lambarsu ta gaggawa, 122, na sa kowa ya haddace. Sai lissafin mai, wanda tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 shi ne kan gaba a kowace tafiya. Miƙaƙƙiyar hanya daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ce, amma da ratse-ratsen da muka tsara ta haura 1,500. Motata na shan lita ɗaya a kilomita takwas, ka ga ke nan kusan lita 200 ce, na ɗora kaɗan a kai saboda cunkoso da ɓatan hanya.

Uwargida ta ɗauki ɓangaren guzuri: dambun nama, kilishi, garin rogo da ƙuli-ƙuli, burodin Agege, ƙaramar tukunyar gas, kula, jarkoki biyu na ruwan sha, buta da darduma. Muka naɗe katifu marasa kauri, da gidan sauro da tanti ɗaya. Doka kuwa ɗaya muka kafa wadda ba ta da sassauci: a tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin la'asar sakaliya. Kullum da dare ƙanena zai bugo wa direbobin da muka sani a tasha ya ji labarin hanyar gobe, domin halin tsaro yana canjawa, mai tambaya kuma ba ya ɓata. Sallah ba ta zama matsala ba, tunda kasaru ta halatta ga wanda tafiyarsa ta kai mil 48.

Ranar farko muka bi tsohuwar hanyar Abeokuta muka hau Dutsen Olumo, inda Egbawa suka ɓuya lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar Yarbawa wajen 1830. Sunan garin ma ma'anarsa ƙarƙashin dutse. Muka kwana a Sabon Ibadan, gidan wani ɗan'uwa. Kashegari sai Erin-Ijesha a Jihar Osun, inda ruwa ke zubowa daga dutse hawa bakwai. Mu a na biyu muka tsaya, gwiwa ta ce ta ƙoshi, yara suka jiƙe sharkaf. Da yamma muna Ikogosi a Jihar Ekiti, wurin da ƙorama mai ɗumi da mai sanyi suke haɗuwa, ka sa ƙafa ɗaya a wannan ɗaya a waccan.

Zango na uku, Lakwaja, ita ce ta fi taɓa zuciyata. Daga kan Dutsen Patti muka hango inda Kwara da Binuwai suka gamu, kowane da launin ruwansa. Sannan muka gangara cikin gari muka ziyarci kaburburan sarakunan Arewa da Turawa suka tuɓe suka kai can. A nan Sarkin Kano Alu yake kwance, wanda aka kama a 1903, ya rasu a Lakwaja a 1926. Ɗana na fari, haifaffen Agege, wanda Yarbancinsa ya fi Hausarsa kaifi, ya daɗe a tsaye bai ce uffan ba.

Zango na huɗu Suleja. Autata ta tsaya gaban Zuma riƙe da naira ɗarinta aka ɗauke ta hoto, muka ratsa ta hanyar Minna muka ga ruwan Gurara yana faɗowa daga tsawon kusan mita 30. A daren ne muka fara kafa tanti, a tsakar gidan wani abokina. Wannan magana tana son a jaddada ta: a ƙasar nan ba a kafa tanti a bakin titi ko a dawa don sha'awa. Ko dai cikin katangar wanda ka sani, ko a wurin da ke da masu gadi kuma ka nemi izini.

Batun wanka ma da ƙa'idarsa. Ruwan da ke kwance, kamar kududdufi ko bakin dam, nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take zama, ƙwayar cutar kuma ta fata take shiga, sai bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Babban kogi irin Kwara da ƙasan Gurara kuwa igiyar ruwa gare su, ba sa'ar ɗan koyo ba ne. Shi ya sa na ɗaga musu alkawarin iyo har Yankari.

Muka bi ta Akwanga da Jos muka kwana Bauchi, sannan muka shiga dajin. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Rani ne lokacin ganin namun daji, don ciyawa ta bushe, giwa da ɓauna da gwanki duk suna gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Maɓuɓɓugar Wikki kuwa garai-garai take, kana hango farin yashin ƙasanta, ɗuminta digiri 31 dare da rana, ga hunturu yana kaɗawa a waje. Akwai inda zurfinta ke shan kan babban mutum, saboda haka ban ɗauke ido daga yara ba. Uwargida da 'yan mata suka shiga da sassafe cikin suturarsu, kafin mutane su taru. Kwana biyu muka yi. Kuskure ɗaya na tafka, na bar tagar mota a buɗe, wani gwaggon biri ya yi awon gaba da ragowar kilishinmu muna kallo.

A rana ta takwas muka bi ta Ningi da Birnin Kudu muka shiga Kano kafin la'asar. Kuɗin ya ninka na bas, ban ɓoye ba, kuma sai da na yi wata shida ina zubin adashi dominsa. Wanda ba shi da kwana takwas ya yi uku, wanda ba shi da mota su haɗu gida biyu su yi shatar bas ƙarama. Ya ku 'yan'uwana na Agege da Idi-Araba da Mile 12, hutu mai zuwa a raba tafiyar nan zango-zango, a yi ta da rana, yaran nan su ga ƙasar da ke tsakanin inda aka haife su da inda aka haifi iyayensu.