Makarantar Tsakar Gida

A watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, mu iyaye a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni muka wayi gari mu ne malamai. Da fari mun yi kuskure. Muka zaunar da ɗan shekara 5 tun safe har azahar. Ya yi ta kuka, ya tsani littafi.

Sai muka sake dabara. Tun da dare uwa takan shirya darasi ɗaya tak. Bayan addu'ar safe da koko, minti 20 sun isa: harafi biyu da gawayi a kan siminti. Lissafi kuwa sai an dawo daga kasuwar Tarauni, yaro ya ƙirga tumatir, ya raba ƙuli-ƙuli da ƙannensa. Wajen rabon nan, mun lura, bai taɓa cutar kansa ba.