Riga da Fitila: Yadda Za Ka Kare Na'urar Karatunka da Idanunka

Na'urar karanta littattafai, irin su Kindle da Kobo, ta fara samun karɓuwa a hannun ɗalibai da malamai da masu sha'awar karatu. Dalilin a fili yake. Yawancinsu nauyinsu bai kai giram 250 ba, amma suna ɗaukar dubban littattafai, kuma caji ɗaya yakan kai makonni, abin da ba ƙaramin alheri ba ne ga wanda ke zaune inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Sai dai mutum zai tara kuɗi ya sayi na'urar, sannan ya jefa ta cikin jaka tsirara tare da makullai da caja, ko ya kwana yana haska ta da tocilar waya. Bayan 'yan watanni sai a ji yana cewa kayan zamani ba su da ƙarko. Alhali matsalar ita ce bai san irin fuskar da na'urar take da ita ba. Wanda ya fahimci wannan, zaɓen riga da fitila ba zai ba shi wahala ba.

Fuskarta ba irin ta waya ba ce

Fasahar da ake kira E Ink, wato tawadar lantarki, ta samo asali ne daga ɗakin binciken Media Lab na jami'ar MIT da ke Amurka, kuma daga wannan bincike aka kafa kamfanin E Ink a 1997. Kamfanin Sony ya fitar da na'urarsa mai suna Librie a Japan a 2004, Amazon kuma ya fito da Kindle ta farko a watan Nuwamban 2007.

A cikin fuskar akwai miliyoyin 'yan ƙwayoyi, kowace faɗinta bai wuce kaurin silin gashi ba. Cikin kowace ƙwaya akwai ruwa garai-garai mai ɗauke da ɓurɓushin fari da baƙi. Idan aka juya shafi, lantarki yakan tura farin sama a wani wuri, ya tura baƙin sama a wani wuri, sai rubutu ya bayyana. Da zarar ya bayyana zai zauna daram ba tare da cin batir ba, har sai an sake juya shafi.

Abubuwa biyu ne suka biyo bayan wannan tsari. Na farko, fuskar ba ta fitar da haske da kanta. Hasken da ya sauka a kanta take mayarwa, shi ya sa ake karatu da ita a tsakiyar rana tar, amma a duhu ba a ganin komai sai da fitila. Na biyu, a ƙarƙashin ƙwayoyin nan akwai wani siririn gilashi mai ɗauke da hanyoyin lantarkin da ke sarrafa su. Wannan gilashi shi ne lagon na'urar. Yana iya tsagewa daga ciki alhali saman fuskar lafiya lau, ba ko ƙwarzane. Alamarsa ita ce a ga layuka a tsaye da a kwance, ko wani ɓangare na shafi ya sandare ya ƙi sauyawa. Ba a ɗinke shi, sai dai a sauya fuskar gaba ɗaya, kuma kuɗin hakan yakan kusa kai na wata na'urar. Akwai 'yan kaɗan da aka yi da roba mai lanƙwasuwa maimakon gilashi, kamar Kobo Forma ta 2018, amma mafi yawa gilashin ne.

Ke nan babban abokin gabar na'urar shi ne dannewa da murɗewa: a zauna a kanta, a cusa ta aljihun baya, a matse ta tsakanin manyan littattafai, ko yaro ya dafa ta da gwiwa. Rigar da ba ta hana wannan ba, ado ce kawai.

Wace riga za ka saya?

Hikimar kare littafi da bango mai tauri ba baƙuwa ba ce a wajen malamanmu. Tun da daɗewa, Alƙur'ani rubutun hannu ba a sa shi cikin gafaka kai tsaye, sai an fara matse takardun tsakanin tadarishi mai tauri. Gafaka tana tare ƙura da datti, tadarishi kuma yana hana takarda karyewa. Na'urar karatu ma waɗannan kariya biyu take bukata.

Rigunan da ke kasuwa iri huɗu ne. Akwai mai marfi wadda ake buɗewa kamar bangon littafi. Ita ce ta fi dacewa da yawancin mutane, muddin marfin yana da tauri. Akwai 'yar jaka da ake zura na'urar ciki idan an gama karatu, wadda ta dace da mai son riƙe na'urar ba nauyi, sai dai ba ta da amfani idan na'urar ta suɓuce daga hannu ana cikin karatu. Akwai ta roba mai rufe baya da gefe kawai, irin wadda aka saba sa wa waya. Tana taimakawa wajen faɗuwa, amma ta bar fuska a buɗe, don haka ba ta isa ita kaɗai ba ga mai yawo da na'ura a jaka. Ta huɗu ita ce mai naɗewa ta zama majingina a kan tebur, wadda ta dace da ɗalibi mai karatu yana rubutu, ko dattijon da hannunsa ke saurin gajiya.

Kafin ka biya kuɗi, fara sanin ainihin samfurin na'urarka da shekarar da aka yi ta. Suna kaɗai ba ya wadatarwa. Kindle Paperwhite, alal misali, inci 6 ce daga 2012 har zuwa samfurin 2018, ta koma inci 6.8 a 2021, sannan inci 7 a 2024. Rigar wannan ba ta shiga waccan, kuma ko ta shiga da ƙarfi, matsewar kanta haɗari ce. Wannan ya fi shafar wanda ya sayi ta hannu ba tare da kwalinta ba. Ana ganin bayanin samfuri a cikin saitin na'urar ko a rubuce a bayanta.

Sai ka gwada marfin da yatsa. Idan ya lotsa cikin sauƙi, to ba zai tare komai ba. Duba kusurwoyi huɗu, domin a kansu na'ura ta fi faɗuwa. Shafa cikin marfin ka tabbatar yana da laushi, babu maɓallin ƙarfe ko zif da zai taɓa fuska. Kada kuma ka riƙa cusa biro ko katin banki tsakanin marfi da fuska. Duk abin da ya tara nauyi a wuri ɗaya yana iya tsaga gilashin.

Yawancin riguna masu marfi suna da maganaɗisu a ɓoye. Idan an rufe, na'urar ta kwanta. Idan an buɗe, ta farka. Wurin da aka dasa maganaɗisun ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, kuma a riguna marasa inganci yakan kashe fuskar idan an naɗe marfin baya, ko ya riƙa tada na'urar a cikin jaka har batir ya ƙare. Buɗe ka rufe sau da yawa, ka naɗe marfin baya ka gani. A nan ake gane cewa araha ba ta ado.

Ka lura da nauyi ma. Riga mai kauri tana iya ƙara kusan rabin nauyin na'urar, kuma wanda ke karatu a kwance da hannu ɗaya zai ji bambancin a wuyan hannunsa. Ta fuskar abin da aka yi rigar da shi, fatar gaske ta fi ƙarko, fatar roba ta fi araha amma takan fara saɓulewa idan ta sha zafi da gumi, ta yadi kuma tana da daɗin riƙewa sai dai tana kama datti.

Idan ba a samu wadda ta dace ba a kasuwar waya, baduku zai iya ɗinka 'yar jaka mai kyau. A kai masa na'urar ya auna, a ce ya sa kwali mai tauri gaba da baya, ya shimfiɗa yadi mai laushi a ciki, ya bar ɗan sarari don kada ta matse.

Zafi, ƙura da ruwa

Amazon ya ƙayyade cewa a yi amfani da Kindle tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai kuwa, zafin bazara yakan haura 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma ya fi haka nesa. Babu rigar da ke maganin wannan, baƙar riga ma ƙara jan zafi take yi. Zafi yana gajiyar da batir, kuma batirin da ya kumbura yana tura fuska daga baya. Kada a bar na'ura a mota ko a bakin taga, kuma idan ta ɗumama lokacin caji a cire mata riga.

Wasu samfura, kamar Paperwhite daga 2018, suna ɗauke da alamar IPX8. Lamba 8 tana nufin juriyar nutsewa a ruwa, wadda a Kindle ta kai zurfin mita 2 na tsawon minti 60 a ruwan daɗi. Harafin X kuwa yana nufin ba a ba da wani tabbaci game da ƙura ba. Saboda haka a lokacin hunturu a riƙa cire rigar ana goge ta ciki da waje da tsumma mai laushi, domin yashin da ya maƙale tsakanin riga da na'ura shi ke goge ta a hankali.

Shin kana bukatar fitila?

Wannan tambaya ya kamata a fara yi, domin da yawa ba sa bukata. Na'urorin farko ba su da haske, har Amazon ya riƙa sayar da riga mai 'yar fitila a kusurwa a 2010, wadda ke jan wuta daga batirin na'urar. A 2012 ne al'amarin ya sauya, lokacin da Nook GlowLight da Kobo Glo da Kindle Paperwhite suka fito da fitila a jikinsu. A 2019 Kindle mafi araha ma ta samu. To, fitilar waje ta zama bukatar mai tsohuwar na'ura, ko wanda kuma yake karanta littafin takarda da dare.

Fitilar jikin na'urar ba ta aiki irin ta waya. A waya haske daga baya yake fitowa ya doshi ido. A nan kuwa an jera ƙananan ƙwayayen LED a gefen fuska, wani siririn faifai kuma ya baza haskensu a kan rubutun, sannan ya dawo ga mai karatu. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙure hasken. Ƙa'idar ita ce a daidaita shi da hasken wurin da ake zaune: da rana a kashe ko a rage sosai, a ɗaki mai duhu a bar shi ƙasa-ƙasa. Idan shafi ya fara ƙyalli, haske ya yi yawa. Sababbin na'urori masu launi, irin su Kobo Libra Colour da Kindle Colorsoft na 2024, fuskarsu ta ɗan fi duhu, don haka sun fi bukatar fitilar ko da rana.

Launin haske ma yana da muhimmanci. Da dare jiki yana fitar da sinadarin melatonin mai shirya mutum barci, kuma haske mai ƙarfi, musamman mai shuɗi-shuɗi, yana danne shi. Wani bincike da aka yi a asibitin Brigham and Women's da ke Boston, wanda mujallar PNAS ta buga a farkon 2015, ya gwada mutum 12 suna karatu a iPad na tsawon awa 4 kafin kwanciya. An ga barci ya riƙa jinkirta musu da kusan minti 10 idan an kwatanta da karatun littafin takarda. A lura cewa iPad ce mai haske daga baya, an kuma ƙure haskenta, ba na'urar tawadar lantarki ba. Duk da haka darasin ya tsaya: a rage ƙarfin haske da dare. Kobo ya kawo hasken da ake juyawa zuwa ruwan ɗorawa a Aura One ta 2016, Kindle Oasis ta samu a 2019, Paperwhite kuma a 2021.

Ga mai sayen fitilar waje, ya duba lambar da ke gaban harafin K a jikin kwali. Daga 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗumi, shi ya dace da karatun dare. Wajen 4000K tsaka-tsaki ne. Daga 5000K zuwa 6500K fari ne fat mai shuɗi, ya fi dacewa da aikin rana. Ya nemi mai matakan haske aƙalla biyu ko uku, mai wuya mai lanƙwasuwa wanda ke tsayawa inda aka ajiye shi, domin a karkato hasken daga sama ko gefe yadda ba zai yi tabon ƙyalli a fuska ba. Bakin maƙalinta ya zama da roba mai laushi, kuma a maƙala ta a jikin marfin riga, ba a kan fuskar na'ura ba. A nan riga da fitila suke taimakon juna.

Mai caji ta USB ta fi dacewa da wanda ke da sola ko ma'ajiyar caji, mai ƙananan batura kuma ta fi wa mazaunin inda caji ke wuya. Akwai kuma wadda ake rataya a wuya, ba ta taɓa na'urar sam. A guji mai haske mai kyarma, domin tana sa ciwon kai. Sau da yawa idan aka duba ta da kyamarar waya za a ga layuka suna gudu. Tocilar waya tana tara haske wuri ɗaya, kyandir da fitilar kananzir kuwa ga zafi ga haɗarin gobara idan barci ya ɗauke mutum.

Likitocin ido sun bayyana cewa karatu a haske mara ƙarfi ba ya lalata ido dindindin, amma yana gajiyar da shi. Suna ba da shawarar duk bayan minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan kamar mita 6 na tsawon daƙiƙa 20. Wanda ya haura shekara 40 kuma yana ganin rubutu dishi-dishi, ya ƙara girman haruffa, ya je a auna idonsa, maimakon ya yi ta ƙara haske.

Saboda haka, mai karatu, ka sa kuɗin riga mai marfi mai tauri cikin lissafin sayen na'urar tun ranar farko, kada ka jira sai tsautsayi ya faɗa. Fitila kuwa, idan na'urarka tana da tata, koyon daidaita ta ya ishe ka. Idan babu, ka sayi mai haske mai ɗumi ka maƙala ta a jikin marfi. Rigakafi ya fi magani.