Lambun da Ba a Shuka Ba a Ƙauyukan Awe

Gishiri ne ya yi wa Awe suna, tare da maƙwabtansa Keana da Azara. Da rani mata sukan kankaro ƙasa mai gishiri, su tace ta, su dafa ruwan har ya ƙone ya bar farin gishiri a tukunya. A wannan fili ciyawa ma da ƙyar take leƙowa. Amma da ka bar gari ka nufi ƙauyukan hanyar Tunga, wajen kogin Binuwai, sai ka ga ƙasar da ba ta jiran a roƙe ta: ruwa ya fara sauka a watan Afrilu, bayan gida ya cika da tsirrai.

Wannan bayan gidan shi ne lambun matan ƙauye, ko da yake ba wadda ta ja masa kunya. Tafasa da rai-ɗore suna fitar da fure rawaya. Gasaya tana ɗaga farin furenta sama da ganye. Karkashi kuwa furensa kamar na ridi ne, ai dangi ne. Yaɗiya ta hau zana, doddoya ta tsaya kusa da madafa tana ƙamshi. Uwargida ba don kallo ta bar su ba. Da yamma za ta tsinko na miya, ta yi kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli, sauran ta shanya saboda rani.

Abin da ke damuna shi ne maganin feshi. Ya sauƙaƙa wa manoman ridi da doya da rogo aiki, ba musu. Sai dai yanzu matashi ya goya tankinsa ya fesa har gindin danga, shi kuwa magani bai san bambancin ƙaya da ganyen miya ba. Ƙudan zumar da ke zagaya furen ridi ma, ina zai sami abinci idan an yanke ridin?

Ga kuma ma'aikatan da suka yi ritaya daga Lafiya ko Abuja, suka dawo ƙauye suka gina gidan hutawa. Sai a malale tsakar gida da siminti, a sayo furanni a leda masu neman ban ruwa kullum, alhali iri na nan kyauta a bakin hanya. Aikin yin irin wannan lambu ba wuya: da kaka, idan kwanso ya bushe, a tara iri, a cuɗe shi da toka a kwalba, a watsa bayan ruwan farko. A kewaye wurin da ƙaya saboda awaki, a share hanyar wucewa saboda macizai, kada a cinna masa wuta da rani.

Mai gida, idan za a yi feshi bana, ka ce wa yaran su tsallake kusurwar bayan ɗaki.