FASHIN BAƘI: Dalilin da ya sa sanyin hunturu ke ƙandarar da yatsun masu keke da babur a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya tsaya a bakin hanya a Tashar Yari ko Hunkuyi ko Paki bayan sallar Asuba, zai ga abu guda yana maimaita kansa. Mai keke ya ɗauro rake ya naɗe fuska da rawani, ya janyo hannun rigarsa ya rufe yatsu. Ɗan acaɓa ya riƙe kan babur da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya cusa shi cikin aljihu ko tsakanin cinyoyi. Ɗalibi ya zura safar ƙafa a hannu yana tuƙa keke zuwa makaranta. Kowa ya rufe kai da kunne da ƙirji gwargwadon hali, amma hannun da ke riƙe da birki shi ne aka fi bari a fili.

Ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan yankin noma ne, kuma lokacin sanyi lokacin aiki ne a cikinsu. A lokacin ake saran rake ana dafa mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi, ana ban-ruwan tumatur da tattasai a fadamun Ikara, ana kula da gonakin inabi a Kudan. Mafi yawan wannan zirga-zirga a kan ƙafa biyu ake yin ta. Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, magidanta da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu sun koma kansu. Wanda ke son ya riski kasuwa da ɗanyen kaya kuwa, dole ya yi sammako, wato ya fita daidai lokacin da sanyi ya fi tsanani.

Yawancin mutane na ɗaukar sanyin hannu a matsayin wahalar da namiji ke daurewa. Wannan kuskure ne, domin ƙandararren hannu ba ya kama birki a kan lokaci.

Sanyin da ba ya cikin hasashen yanayi

A ƙasar Zazzau, wadda ke bisa tudu mai tsayin sama da mita 600 daga teku, zafin iska a safiyar Disamba da Janairu kan sauka zuwa digiri 12 ko 13 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ma ya taɓa 10. Busasshiyar iska ce da ke tasowa daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Saboda babu gajimare kuma babu laima a cikin iskar, zafin da ƙasa ta tara da rana yakan tsere sama cikin dare. Shi ya sa sanyin ke ƙaruwa har zuwa fitowar rana, wadda a watan Janairu takan yi dab da ƙarfe 7 na safe a wannan yanki.

Sai dai adadin da Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, NiMet, ke sanarwa, a tsaye ake auna shi, cikin akwatin da ke a inuwa. Mai keke kuwa yana tafe ne yana keta iska. Jikin mutum yakan ɗumama wata siririyar iska da ke manne da fata, ita ce ke zame masa kamar mayafi. Gudu yana yaye wannan mayafi, jiki ya sake ɗumama wani, a sake yayewa. Wasu masu bincike biyu 'yan Amurka, Paul Siple da Charles Passel, su ne suka fara auna wannan a yankin ƙanƙara na Antatika a farkon shekarun 1940, kuma a 2001 hukumomin yanayi na Amurka da Kanada suka fito da lissafin da ake amfani da shi a yau.

Bisa wannan lissafi, idan ma'auni ya nuna digiri 10, mai keken da ke tafiyar kilomita 15 a awa zai ji kamar digiri 8. Mai babur da ke gudun kilomita 40 zai ji kamar 6, mai gudun 60 kuma kamar 5. An tsara lissafin ne domin fatar fuska, saboda haka ƙiyasi ne kawai ga hannu, amma ya isa ya nuna inda matsalar take. Ranar da jaura ta taso kuma mutum ya nufi wajen Kano, gudun iskar da nasa gudun haɗuwa suke yi a kan yatsunsa.

Akwai kuma abin da manoman rani suka sani tun kafin a rubuta shi a littafi: iska mai sanyi ta fi nauyi, don haka takan gangara ta kwanta a kwari. Wanda ya sauko daga tudu ya shiga fadama da asuba yakan ji kamar an watsa masa ruwan randa.

Abin da jiki ke yi wa hannu

Jiki yana tsare zafin cikinsa a kusan digiri 37, domin zuciya da ƙwaƙwalwa da hanta ba sa jure sauyi. Da zarar ya ji sanyi, sai ya tsuke ƙananan hanyoyin jini da ke fata, musamman na yatsun hannu da na ƙafa, ya mayar da jinin ciki. Yatsu sirara ne, ba su da kitse mai yawa ko tsokar da za ta samar da zafi, ɗuminsu duka daga jinin da ke zuwa musu yake. Idan aka rage jinin, suna hucewa cikin 'yan mintoci.

Binciken da aka daɗe ana yi a kan ma'aikata da sojoji a ƙasashen sanyi ya nuna cewa idan zafin fatar yatsa ya sauka ƙasa da kimanin digiri 15, ƙwarewar hannu takan ragu ƙwarai. Idan ya kai wajen digiri 8, jin taɓawa ma yakan ɗauke. Saƙon da jijiya ke kaiwa yana yin jinkiri, ruwan da ke tsakanin gaɓoɓi yana yin kauri, tsokokin da ke jan yatsu, waɗanda yawancinsu a tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu suke, suna rasa ƙarfi. Wanda ya taɓa kasa ɓalle maɓallin rigarsa ko ƙirga canji bayan ya sauka daga babur ya san wannan hali.

A nan ne haɗarin yake. Birkin keke duka biyu a hannu suke, kuma tsofaffin kekuna masu birkin ƙarfe, irin su Raleigh da Phoenix, suna buƙatar matsa mai ƙarfi, balle an ɗora musu damin rake ko buhu. A babur kuwa, hannun dama ne ke riƙe da totur da birkin gaba, wanda shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, na hagu kuma yana kan kuloci. Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a kowace daƙiƙa. Jinkirin rabin daƙiƙa kaɗai ya isa ya ƙara fiye da mita 5 kafin birki ya fara kamawa. A safiyar da hazo ya rufe hanya, ba a hango akuya ko amalanke ko rami sai an zo dab da su, wannan mita 5 ɗin ita ce tazarar da ke tsakanin tsira da karo.

Sanyin arewacin Kaduna dai ba ya daskarar da nama kamar na Turai ko Rasha. Muddin ma'auni bai sauka ƙasa da sifili ba, iska komai ƙarfinta ba za ta mayar da yatsa ƙanƙara ba. Abin tsoro a nan shi ne faɗuwa da karo, sai kuma ƙuna.

Dabarun da ake yi, da inda suke gazawa

Cusa hannu ɗaya a aljihu shi ne mafi muni, kuma shi ne aka fi gani. Mai babur ba zai iya sakin totur ba, don haka hannun hagu yake ɓoyewa, ya bar na dama yana daskarewa a kan birki. Janyo hannun riga a rufe yatsu kuwa yana sa mariƙi santsi. Safar ƙafa tana haɗe yatsu wuri ɗaya, wanda ke taimaka wa ɗumi, amma tana hana a miƙa yatsu a cafko birki da sauri.

Safar hannu ta ulu da ake samu a wurin 'yan gwanjo tana da amfani ga mai tafiya a ƙasa. A kan babur iska ratsa saƙar take yi kamar rariya. Haka ma safar magina mai roba a tafi: ta rufe inda ba ya buƙata, ta bar bayan hannu da gaɓoɓin yatsu, waɗanda su ne ke fuskantar iska.

Ɗora hannu a kan injin babur ko kusa da salansa, ko miƙa shi cikin wutar da ake hurawa a wurin mai shayi, yana da nasa haɗarin. Fatar da ta mutu da sanyi ba ta jin zafi da wuri, sai ta ƙone kafin mai ita ya ankara. Masu ciwon suga da jijiyoyinsu suka fara rauni sun fi kowa shiga wannan tarko. Taba sigari kuma, da wasu ke zuƙa wai don jin ɗumi, ƙara tsuke hanyoyin jinin yatsu take yi.

Man kaɗanya da basilin suna hana fata tsagewa da kaushi, kuma hakan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke wuni a cikin ƙura. Amma ba sa ɗumama hannu, kuma idan aka lafta su a tafi, mariƙi zai riƙa zamewa. A shafa a bayan hannu, ko da dare kafin kwanciya.

Abin da ke aiki

Abu na farko shi ne tare iska. Safa biyu sun fi ɗaya mai kauri: ta ulu ko ta auduga a ciki, ta fata ko ta roba mai ɗan faɗi a waje. Ta cikin tana riƙe iska mai ɗumi, ta wajen tana hana a yaye ta. Sharaɗin shi ne kada su matse, domin matsattsiyar safa tana rage jinin da ake nema ya iso. Kafin a hau hanya a gwada kama birki da kuloci da su. A kuma tabbata hannun riga ya hau kan bakin safar, saboda a wuyan hannu manyan hanyoyin jini suna kusa da fata, kuma nan ne iska ke samun ƙofa.

A Sin da ƙasashen Turai, masu kai saƙo a kan babur suna ɗaura wata irin jaka a kan mariƙi, su zura hannu ciki su riƙe birki kai-tsaye. Tela ko baduku a kasuwar Maƙarfi ko Ikara zai iya ɗinka irinta da tamfol ko fata, a shimfiɗa tsohon bargo a ciki. Ko tsohuwar jarka aka yanka aka ɗaure a gaban mariƙi za ta kare iska sosai. Sai dai a goge kaifin bakinta, a kuma juya kan babur hagu da dama har ƙarshe a ga ba ta taɓa birki ko tanki ba.

Abu na biyu shi ne bushewa. Ruwa yana janye zafi daga jiki kusan ninki 25 fiye da iska, kuma a busasshiyar iskar hunturu yana ƙafewa da sauri, ƙafewar kuma ƙarin sanyi ce. Wanda ya yi alwala, ko ya wanke tumatur, ko ya gama ban-ruwa a fadama, ya goge hannunsa ya bushe sarai kafin ya kama keke. Jiƙaƙƙiyar safa gara babu ita. Mai keke da ke haɗa gumi a kan hawa ya sassauta rigarsa kafin ta jiƙe.

Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne ƙirji. Jiki ba ya sakar wa yatsu jini sai ya gamsu cewa cikinsa ya ɗumama. Suwaita ita kaɗai iska na ratsa ta, sai an ɗora mata rigar da ba ta shan iska. 'Yan tseren keke na gasar Tour de France a Faransa sun daɗe suna cusa jarida a ƙirji kafin su gangaro daga duwatsu, kuma kwali ko takarda za su yi wannan aiki a hanyar Gubuchi ko Likoro. A nan mai keke ya fi mai babur sa'a, domin tuƙin da yake yi yana samar masa da zafi, shi kuwa ɗan acaɓa a zaune yake, ga girgizar inji da matse mariƙi suna ƙara hana jini gudu. Koko ko shayi mai zafi kafin fita yana taimakawa.

Idan yatsu sun fara mutuwa a hanya, a sauka gefe. A cusa su a hammata a ƙarƙashin riga, ko a wulwula hannu daga kafaɗa har jini ya sauko. A gida, ruwa mai ɗumi ake amfani da shi, ba tafasasshe ba. Zugin da ake ji idan jini ya dawo alama ce mai kyau.

Waɗanda ya kamata su fi kiyayewa

Ga masu cutar amosanin jini, wato sikila, sanyi da iska na cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Yaro mai sikila da ake gowa a babur zuwa makaranta da sassafe yana buƙatar a rufe hannunsa da ƙafarsa, ba kai kaɗai ba, kuma a zaunar da shi a bayan direba maimakon kan tanki inda iska ke dukansa kai-tsaye.

Akwai kuma mutanen da yatsunsu ke yin fari fat idan sun ji sanyi, daga nan su yi shuɗi-shuɗi, sannan su yi ja da zugi. Wani likitan Faransa, Maurice Raynaud, ya bayyana wannan larura a 1862, kuma da sunansa ake kiranta. Sau da yawa ba ta da illa mai tsanani, amma takan kasance alamar wata cutar ta daban. Wanda ke ganin haka, ko wanda yatsunsa ba sa farfaɗowa bayan ya ɗumama, ko miki ya fito masa a kan yatsa ya ƙi warkewa, ya je asibiti a duba shi kafin ya ci gaba da sammako a kan babur.