Kraken, dodon teku: mene ne gaskiya, mene ne ƙari?

Kwanakin nan an yi ta turo mana wani bidiyo ta WhatsApp, inda ake ganin wata ƙatuwar dabba mai hannuwa barkatai ta rungume jirgin ruwa ta nutse da shi. Masu ƴaƴa da ƴan uwa a Kwatano, Lome da Abijan suna tambaya: shin akwai wannan abu? Amsa a taƙaice: irin waɗannan bidiyoyi haɗin kwamfuta ne. Amma ruwa ba ya tsami banza, akwai dabbar da labarin ya samo asali daga gare ta.

Sunan dodon Kraken, kuma labarinsa daga masuntan ƙasar Norwe ya fito, can arewacin Turai. Wani babban limamin coci na birnin Bergen, Erik Pontoppidan, ya rubuta abin da suka gaya masa a littafin da ya fitar tsakanin 1752 da 1753. Wai zagayen bayan dodon ya fi kilometir 2, in ya taso sai a zaci tsibiri ne. Wai kifi na taruwa a samansa, shi ya sa masunta ke kusantarsa duk da tsoro. In kuma zai koma ƙasa, ruwa ya riƙa juyi har ya haɗiye jirgi.

To, ga abin da bincike ya gano. A 1857 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Japetus Steenstrup, ya duba guntayen wata dabba, ciki har da bakinta, ya raɗa mata suna Architeuthis. Faransawa na kiranta “calmar géant”. A watan Nuwamba na 1861, jirgin yaƙin Faransa mai suna Alecton ya ci karo da ɗaya kusa da tsibiran Kanari, daura da gaɓar Maroko. Matuƙan sun harbe ta, sun zarga mata igiya, amma jikin ya tsinke, guntun wutsiya kawai suka samu. Ku lura: mutane ne suka far mata, ba ita ta far musu ba.

Yaya take? Ba ta da ƙashi. Tana da hannuwa 8, da wasu 2 dogaye sosai da take cafko abinci da su. A jikin hannuwan akwai ɗaruruwan ƙananan kofuna masu tsotsa kamar ƙahon wanzami, kowane da zobe mai haƙora. A tsakiyar hannuwan bakinta yake, mai tauri, kamar na aku. Mace ta fi namiji girma, tana kai metir 12 zuwa 13 in an haɗa da dogayen hannuwan, wato kusan tsawon babbar bas ɗin da ke zuwa Yamai daga Damagaram. Babba ce, amma ina ita ina kilometir 2?

Abin mamakin yana ciki. Zuciyarta 3, jininta shuɗi ne. Idonta na kai santimetir 27, ya fi ƙwallon ƙafa faɗi, don tana zaune ne a zurfin metir 300 zuwa 1000, inda hasken rana ba ya kaiwa sosai. Maƙogwaronta ta tsakiyar ƙwaƙwalwa ya ratsa, saboda haka dole ta gutsuttsura abinci ƙanana kafin ta haɗiye. Dabbar da ba ta iya haɗiye babbar loma, ita ce za ta haɗiye jirgi? Abincinta kifi ne da ƙananan ƴan uwanta. Namanta kuwa ba ya ciwuwa, don yana cike da wani sinadari mai ɗaci da ke taimaka mata yin yawo cikin ruwa ba tare da nutsewa ba.

Ita ma tana da nata dodon. Akwai wata ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa da Faransawa ke kira kashalo, wadda ke nutsawa can ƙasa ta farauto ta. Ana samun bakunan kalmar a cikin tumbin kashalo, ana kuma ganin tabon waɗancan kofuna a fatarsa, shaidar kokawar da aka sha.

Gani ya kori ji. Sai a watan Satumba na 2004 masana biyu ƴan Japan, Tsunemi Kubodera da Kyoichi Mori, suka fara ɗaukar hotonta da rai a mazauninta, a zurfin wajen metir 900 kusa da tsibiran Ogasawara. Bidiyonta na farko a can ƙasa an ɗauke shi a 2012. Masana sun shekara kusan 150 suna nemanta, don haka in wani ya turo muku ita tana farfasa jirgi tsakar rana, ku san da sake.

Iyaye, ku kwantar da hankali: wannan dabba ba ta bin mutane. Abin da ke cin rayuka a teku shi ne igiyar ruwa, da kwalekwalen roba da aka cika maƙil da mutane. Wannan shi ne abin da ya kamata mu ja kunnen ƴaƴanmu a kai. Bidiyon kuwa, kafin ku tura wa wani, ku tambaya tukuna.